Yadda Za Ka Mayar Da Karen Mutane Dodo Bayan Kwas Na Kwana Biyar

Kana son ka bar ofis ka koma cusa fatar matattun dabbobi, su tsaya a falo kamar masu rai? Sha kuruminka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin sunanka zai zagaye ƙauye cikin wata guda. Struan, mijin ƙanwata, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yau har a birnin Perth ana labarinsa.

1. Guji tsofaffin masu sana'a

Akwai irin su Murdo Rennie, shekara arba'in yana haɗa wa maharba kawunan barewa. Struan ya je wurinsa. Murdo ya miƙa masa wuƙa da bokiti, ya ce, "Shekara biyu kana kankare kitse, sannan mu yi zancen sauran." Kyauta fa.

"Baba, ni ba wanke-wanke ya kawo ni ba."

Madalla. Ilimin da ba a biya ba ai raini ne.

2. Nemi kwas mai tsada

Fam dubu biyu, kwana biyar a otal, ga shayi ga biskit. Za a ba ka kurege guda, an feɗe, an jeme, an gama komai. Naka kawai ka liƙa masa idon gilashi. Ranar Juma'a sai takardar shaida mai ruwan zinare.

3. Mamaye gida

Kafa allo, rubuta "Ƙwararre". Cika firji da mushe. Ƙanwata Eilidh ta buɗe neman kifi, ta yi ido huɗu da hankaka.

"Struan, ko ni ko tsuntsun nan!"

Kada ka yi saurin zaɓa.

4. Fara da abin da ba shi da madadi

Mataccen zomon bakin titi na masu koyo ne. Kai jira irin tsohuwa Ishbel Geddes. Mijinta ya rasu bara, karensu Bracken kaɗai ya rage mata, shi ma ya bi shi. Ta kawo shi nannaɗe cikin bargon marigayin.

"Ɗana, ka yi mini shi a kwance, kamar yana barci gaban murhu."

"Inna, kamar an gama."

Kada ka faɗa mata kurege kaɗai ka taɓa yi.

5. Miƙa aiki da fara'a

Fata ta tsuke, baki ya yage har kunne. Ido ɗaya na kallon rufi, ɗaya na kallon ƙofa. Ga wari. Ishbel ta daɗe tana dubansa.

"Wannan na wane ne? Ina Bracken ɗina?"

Struan ya ɗaga mata takardar shaida. Kai ma yi haka, amfaninta ke nan.

Da yamma ta kai wa Murdo karen. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce ba ya gyaruwa. Shi da kansa ya haƙa rami a lambunta, suka binne abin tare da bargon.

6. Ci gaba

Ba wanda ya sake kawo wa Struan ko ɓera. Saboda haka ya buɗe nasa kwas. Kwana uku. Mutum tara sun yi rajista.

Gargaɗi: idan matarka ta tattara kayanta, ko wata tsohuwa ta daina amsa gaisuwarka a coci, ba ruwana, ban san ka ba. Kuma in kana da kare, roƙe shi kada ya mutu a ƙauyenmu.