Yadda Ake Haɗa Kundin Zanen Shiga Jami'a, Daga Bakin Wanda Ya Yi wa Awaki Bene

Idan kana son karanta ilimin zanen gine-gine, kuma jami'ar da ka nema ta ce sai ka turo kundin ayyukanka, wato tarin zane-zane da hotunan abin da hannunka ya taɓa yi, to kwantar da hankalinka. Ni Salmanu, ɗan Birnin Gwari, na bi wannan hanya na fito da raina. Bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari, ko dai ka samu gurbi, ko kuma unguwarku ta san da zamanka.

1. Fara da sanarwa

Kada ka taɓa fensir sai kowa ya ji. Ranar da na ga tallar wata jami'a mai zaman kanta da ke ɗaukar nauyin ɗalibai kaɗan kyauta, ban ko gama karantawa ba na faɗa wa Inna, mahaifiyata. Inna ta faɗa wa aminiyarta Mama Rebecca, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu. Kafin ka ce kwabo masu shayi a tasha suna kirana Akitek, wato mai zanen gine-gine. Amfanin haka shi ne kunya ba za ta bar ka ka fasa ba. Wanda ya sha yabo tun farko, aikin kawai ya rage masa.

2. Zana abin da ba ka taɓa gani ba

Abin da ya fi komai tsawo a garinmu shi ne ƙarfen sabis, amma wannan bai hana ni zana dogon bene na gilashi da kansa ke taɓa gajimare ba. Rabinsa na kwafo daga waya, rabin kuma daga mafarki. Ƙanwata Raliya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Yaya, ta ina ake shiga?"

Kada irin wannan tambaya ta dame ka. Ce mata ƙofar tana baya, inda takarda ba ta nuna ba.

3. Kada ka yar da zane, canza masa suna

Jami'ar ta ce tana son zanen wani abu mai rai. Kawu Ladan ya zo daga Randagi a kan babur, na roƙe shi ya zauna mini. Ya gyara hula, ya ɗaure fuska irin ta hoton katin zaɓe, ya zauna har ƙafarsa ta sage. Da na miƙa masa takardar, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa.

"Yaushe ka shiga dajin Kamuku ba ka faɗa wa kowa ba?"

"Kawu, ai kai ne."

"Allah ya shirye ka," in ji shi, ya hau babur ko abinci bai tsaya ci ba.

Sai na rubuta a ƙarƙashin zanen: Gwaggon biri, Kamuku. Zane ba ya lalacewa, suna ne ke ƙin dacewa.

4. Gina wani abu na gaske

Zane kaɗai ba ya burge malamai. Turken awakin Inna ya zube da damina, don haka da kaka ta yi na ce zan yi musu ɗaki. Kowa na iya yi wa akuya ɗaki. Ni bene na yi musu: ƙasa wurin kwana, sama wurin shan iska, da matakala ta katako. Don in rage wa kaina yin tubali, na jingina ginin da katangar Mama Rebecca.

Awakin suka karɓi aikina hannu biyu. Suka hau sama suka jera suna kallon gari kamar masu unguwa. Na sa Raliya ta ɗauke ni hoto, na riƙe ƙugu.

Washegari suka gano abin da ni ban lissafa ba. Daga saman benen zuwa kan katanga taku ne kawai, daga katanga kuma zuwa tsakar gidan Mama Rebecca tsalle ne kawai. A tsakar gidan tana shanyar masara da kuɓewa, ɗan abin da ta samu ta kwaso daga gonarta ta Kusasu, a shekarar da zuwa gona sai mutum ya yi addu'a ya yi sallama da gida saboda 'yan bindiga.

5. Idan maƙwabta suka zo, yi shiru

Mama Rebecca ta shigo tana jan jar akuyar Inna da kunne, muciya a ɗayan hannun. Ta fara mini da Hausa ta ƙarasa da Gbagyi. A Gbagyin ban ji kalma ɗaya ba, amma na fahimci komai. Sannan ta juya wajen Inna.

"Rabi'atu, da tsoro a cikina na shiga dajin nan na ɗebo abincin nan. Ba wa awakinki na ɗebo ba."

Wannan ba ta ɗaga murya wajen faɗarsa ba, shi ya sa ya fi zafi. Inna ta sunkuyar da kai. Tun kafin a haife ni kwanon tuwo ke tsallake katangar nan, yau daga nan, gobe daga can. Daga ranar ya daina. Inna ta bar kirana Akitek, ta koma ce mini "kai".

Na kafa zana a saman katangar har ta fi ƙarfin tsallen akuya, na ɗebi masararmu na kai mata. Ta karɓi masarar, ba ta karɓi gaisuwar ba.

6. Kada ka duba kundin kafin ka tura

Dubawa tana kawo damuwa. Raliya ce ta harhaɗa mini komai a wayarta. Na ce ta sa hoton da na riƙe ƙugu, ta sa. Ta kuma ƙara da wanda jar akuya ke tashi a iska tsakanin bene da katanga, da na Mama Rebecca da muciyarta, da na zanar da na kafa daga baya. Ni dai na danna na tura, na tafi shan shayi da ƙafa ɗaya kan ɗaya.

7. Ranar ganawa, nemi inda sabis yake

Malaman suka ce za su gana da ni ta kiran bidiyo. A gidanmu sabis ba ya sauka ƙasa. Wuri ɗaya ne yake tsayawa, saman benen awaki. Na ari kwat ɗin Gideon, ɗan Mama Rebecca, ba da saninta ba, na share kashin awaki, na zauna.

Shugabarsu wata mai tabarau ce, Dakta Kadijatu. Ta wuce benen gilashi ba ta ce uffan ba. Ta yaba gwaggon biri, ta ce an kama halinsa sosai. Sai ta ɗago wani hoto da ban san yana ciki ba, akuya a sama, ƙafafu a buɗe.

"Wa ka yi wa wannan ginin?"

"Awaki, ranki ya daɗe."

"Sun yi amfani da shi yadda ka tsara?"

Na haddace dogon jawabi da Turanci a kan iska da haske. Daidai nan jar akuyar ta hawo matakala ta ɗora haɓa a kafaɗata, jawabin ya gudu ya bar ni. Na ce da Hausa, "A'a. Na yi tunanin awakin, ban yi tunanin wanda ke bayan katanga ba."

Ita ma ta koma Hausa. "Wa ke bayan katangar?"

"Ni ce," in ji wata murya ta bayan zana.

Mama Rebecca ce, ta taka turmi ta raba zanar da hannu. Ashe tun farko tana ji. Ta kalli kwat ɗin ɗanta a jikina, ta kalle ni, ta ce, "Juyo da wayar nan." Na juya.

"'Yata, ke ce malamar? Yaron nan ba mugu ba ne, hannunsa ne ba ya zama. Ya ɓata mini abinci, ya kuma zo ya gyara ba wanda ya sa shi. Don Allah ku ɗauke shi ku koya masa. In kuka bar mana shi, gaba shanu zai yi wa bene."

Na ji malaman sun fashe da dariya, sai sabis ya ɗauke.

8. Jira, ka bar manya su yi aikinsu

Makonni suka shuɗe ba labari. Inna ta duƙufa da addu'a bayan kowace salla. Mama Rebecca ta kai sunana coci. Ɗaya na so in yi gaba, ɗaya na so in yi nisa, buƙata dai ɗaya ce. A kan haka suka fara tambayar juna ta saman katanga ko saƙo ya zo, har wata rana na ga kwanon tuwo ya tsallaka.

Saƙon ya zo, an ɗauke ni.

Ranar tafiya su biyun suka raka ni tasha. Kowa ya san hanyar Kaduna, don haka ba wanda ya yi maganarta. Inna ta riƙe ƙofar mota tana ta "Allah ya tsare". Mama Rebecca ta cusa mini ƙullin busasshiyar kuɓewa ta taga.

"Wannan ce ta tsira," ta ce. "Ka yi miya da ita, ɗana."

Idanuna suka cika da ƙwalla. Idan hakan ta same ka, ka ce hayaƙin mota ne.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. Ba ruwana da shanyar da aka cinye, ko zumuncin da ya tsinke, ko kwat ɗin da ya koma wa mai shi yana warin bunsuru. Ba kowace maƙwabciya ce za ta tsaya maka a gaban malamai ba, wata turmin za ta jefo maka. Mai ƙorafi ya same ni a ɗakin zane na 'yan aji ɗaya, kujerar ƙarshe, inda har yanzu ake fama da ni in ja layi miƙaƙƙe.