Makin da Na Ba Surukina

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ranar Asabar, muna zaune a shagon Isa tela a Yelwa: ni, da Isa, da Bala wan matata. A majalisarmu ni ke ba fim maki, kuma in na yanke ba a ɗaukaka ƙara.

Bala ya kunna mana wani fim na gaskiya a wayarsa, kan masuntan tafkin Kainji. Da ya ƙare na gyara zama.

Na ce, "Na farko, sauti bai fita ba. Na biyu, an ja shi da tsawo. Na uku, tsohon nan mai jefa birgi ɗan wasa ne aka ɗauko haya daga birni. Ko riƙon ragar bai iya ba. Uku bisa goma."

Isa ya tsayar da kekensa. Bala ya dube ni ya ce, "Malam, Baba ne fa."

Surukina ne na Ngaski, wanda ya tsufa a kan ruwa. Shekara goma sha biyu ina durƙusa masa kaina a sunkuye, ban taɓa kallon fuskarsa sosai ba. Da takalmansa aka nuna, da nan take na gane shi.

Ranar Talata ya aiko da kifi karfasa uku, da saƙo: "A gaida alƙali, in ji ɗan wasa."

Yanzu har 'yan acaɓa Uku Bisa Goma suke kirana. Don Allah mai karatu, in ka ji su, kada ka taya su.