Ranar da Na Yi wa Tafintan Inji Wanka

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da zan manta yawan haƙoran da suka rage mini.

A Lakwaya kowa ya san ni da abu guda: ba a fara aiki da sabon abu a zuri'armu sai na yayyafa masa ruwan addu'a. Babur, keken ɗinki, garmar shanu, injin markaɗen surukata, duk sun sha daga hannuna, kuma babu wanda ya taɓa lalacewa a ranar. (Abin da ya faru washegari ba ruwana.)

To, ina da jika, Nasiru, wanda nake kira angona. Ya yi karatun injina a birni, wani Alhaji mai kamfanin casar shinkafa a hanyar Gwarzo ya ba shi aikinsa na farko da sunansa. Alhajin ya ce idan ya yi kyau, akwai wani kamfanin a Kabo, na ƙaninsa, shi ma zai ba shi.

Wata rana Nasiru ya zo gaishe ni, ya nuna mini wani ɗan akwati bai kai sandar sabulu ba. Na ce, "Wannan ne aikin da ka shekara biyar kana karantawa?"

Ya ce, "Iya, injinan Alhaji sun kusa zama sa'anninki. Ya sayo sabuwar na'ura mai ba su umarni, amma ba sa jin yarenta, ita ma ba ta jin nasu. Wannan shi ne tafinta. Ta faɗa masa, ya juya musu ta tsofaffin wayoyinsu. In babu shi, sai dai a zubar da injinan."

Na ce, "Ashe tsoho ko na ƙarfe ne ba ya jin maganar yara."

Ya ce, "Ke kika faɗa. Wata biyu na jira kafin ya iso daga ƙasar waje, irinsa ya yi wuya yanzu."

Ranar gwaji ba wanda ya gayyace ni. Na gayyaci kaina, na kuma gayyaci ƙawata Hajiya Talatu ta Garo, wadda ta ishe ni da labarin jikanta likita. Na ci ado, na cika gorar roba da ruwan addu'a na soke a cikin mayafi.

Muka tarar da manoma sun jera buhunan shinkafa a bakin ƙofa suna jira. Angona kuwa yana durƙushe gaban wani kabad na ƙarfe a jikin bango, cike da wayoyi kamar taliya, ga ɗan tafinta a tsakiya. Da ya gan ni ya ce, "Amarya, wa ya ba ki izinin fita?" Ya sa aka kawo mana benci, ya ce mu zauna nan, kada mu matsa.

Aka kira azahar. Maza suka tafi masallaci, aka bar kabad a buɗe. Na dubi Talatu na ce, "Tashi ki ga yadda ake yi a gidanmu." Manyan injina na ɗan yarfa musu kaɗan kaɗan. Tafinta kuwa, tunda shi ne ɗan wahala, na cika tafi sau uku na watsa masa har ya jiƙe sharkaf. (Har da cewa, "Sha, ɗan albarka.")

Suka dawo. Alhaji ya yi bismilla, Nasiru ya ɗaga makunni. Sai muka ji fat! Wani ɗan hayaƙi ya taso, ƙauri ya cika ɗakin kamar an ƙona silifa. Injina ko tari ba su yi ba.

Alhaji ya haɗe rai ya ce, "Dama an ce mini yaro ne, in nemo babba."

Nasiru ya sa yatsa cikin kabad, ya fito da shi a jiƙe. Ya dubi yatsan, ya dubi gefen mayafina da ke ɗiga. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, kuskurena ne."

Nan ne inda nake jin kunyar har gobe. Na ji shi da kunnena, na yi gum. Ni da ake cewa bakina ya fi rediyo, na zauna ina gyara ɗankwali, ana yanka jikana a gabana.

Talatu ce ta fasa ƙwan, kuma wallahi taimako ta yi niyya. Ta miƙe ta ce, "Haba Alhaji, a sake gwadawa! Ba zai ƙi tashi ba, a gabana Iya ta yi masa wanka da ruwan addu'a, tafi uku!"

Wani manomi a bakin ƙofa ya ce, "To, Allah ya karɓa," aka fashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage. Alhaji ya danne fushinsa, don ba a yi wa sa'ar uwa faɗa. Abin da ya iya cewa kawai, "Hajiya, sannu da aiki."

Sati bakwai aka yi kafin wani tafintan ya zo. Manoma suka kwashe shinkafarsu suka kai wani wuri. Nasiru ya gama aikin, injina na tafiya har yau, amma na Kabo wani aka ba. Sun ce ba sa son injiniya mai zuwa da kaka. Bai taɓa yi mini gori ba, shi ya fi ci mini rai.

Addu'a ba ta ɓata komai ba, ni ce na so Talatu ta gani. Wanda ake roƙo yana ji ko daga kan tabarmata. Yanzu idan angona zai fara sabon aiki, ta waya yake kira, ya ce, "Iya, a sa mana albarka." Sai ya ƙara da cewa, "Busasshiya."

Kuma ba ya faɗa mini garin.