Agogon da Ba a Buɗe Bayansa

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Kamfanin Agogo na Noirjean da 'Ya'yansa, mai ofis a hawa na huɗu, mai dogon hange, wanda ya zo ya koya wa kwarin Jura sana'ar kakanninsa.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan sanyin bana bai taɓa lafiyarka ba, ko da yake na ji an ce ofishinka kaɗai ne tsimin da ka kawo bai rage wa ɗumi ba.

Sunana Fernand Boillat. Ba lallai ka gane sunan ba, tunda "Baba" kake ce wa duk mai furfura a ma'aikatar. Shekara arba'in da ɗaya na yi a teburi na uku daga bakin ƙofa, ina daidaita bugun agogunan gidan nan, irin waɗanda kuɗin guda ɗaya zai sayi gidan da nake haya har da lambunsa. Ban taɓa ɗaura ɗaya a hannuna ba, ban kuma taɓa ƙorafi ba.

Na san zamani ya yi tsauri. Attajiran Hong Kong da Shanghai sun ɗaure bakin aljihu, agogunan zinariya sun yi kwantai, an mayar da mu aikin kwana uku a mako. Sai aka ɗauko ka daga kamfanin sabulun wanke gashi domin ka cece mu. Ranar da ka tara mu a ɗakin cin abinci ka ce in kiɗa ya canza dole rawa ta canza, mun tafa maka, har da ni. Yanzu da na ga rawar, ina roƙon izinin yin 'yan tambayoyi irin na jahili.

Na farko, sabon agogon da ka raɗa wa suna "Noirjean na Kowa". Jikinsa roba, launinsa kamar alewar yara, injinsa na batir ne da ake kawo mana a kwali daga wani wurin da ka hana a faɗa. Aikinmu a kansa shi ne buga suna. Ka sa masa farashin faran ɗari uku da casa'in a kuɗin ƙasarmu, ka ce tausayin talaka ne. Irinsa sak, marar suna, faran talatin ne a shagon tashar jirgi. Na zauna da fensir, ranka ya daɗe: haruffan Noirjean takwas ne, kowanne ya tashi faran arba'in da biyar ke nan. In haka tausayi yake, ina roƙon Allah kada ya nuna mana ranar da za ka yi fushi da talaka.

Na biyu, layi. Sito cike yake da agogon nan har rufi, ni na gani da idona. Amma ka ba da umarni a fitar da talatin kacal a rana, domin mutane su tsaya cikin dusar ƙanƙara, a ɗauki hotonsu, a ce duniya tana rububi. A makon kuma ka ƙara wa na zinariya kuɗi, kada masu shi su ji an haɗa su gida ɗaya da direban bas. Wannan hikima a makaranta ake koyonta, ko kuwa baiwa ce?

Na uku, mutum ashirin da biyu da ka sallama. Cikinsu har da Yvette Joray, wadda ta yi shekara talatin da uku tana goge ƙarfe har sai ka ga fuskarka a ciki. Tare da takardar sallama kowa ya samu kyautar agogon roba a ɗan akwati mai kirtani. Nata mai launin ruwan lemo ne. Na tarar da ita a bakin ƙofa tana jujjuya shi, ta ce, "Ka ga karamci, Fernand. Yanzu zan riƙa sanin ƙarfe nawa ne, tunda ba ni da inda zan je."

Na huɗu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma shi ba tambaya ba ce.

Ni ba ka sallame ni ba. Ka dubi furfurata da yatsuna ka ce na yi kama da tarihi. Ka sa aka kafa teburi a tagar shagonmu na bakin kasuwa, aka ba ni farar riga sabuwa, na maƙala gilashi a ido, na riƙe agogon roba da ɗan hantsaki. Na ce da kai, "Yallaɓai, me zan yi masa? Ai da gam aka liƙe bayansa, ba ya buɗuwa." Ka yi dariya ka dafa kafaɗata ka ce, "Baba, kai dai ka riƙa kallonsa kamar kana sonsa." Saura wata goma sha huɗu in shiga fansho. Na zauna, na kalle shi.

Wata Asabar Madam Solange Paratte ta zo. Ba ka san ta ba. Tsohuwar malamar firamare ce, rabin garin nan a hannunta suka koyi karatu, har da 'ya'yana biyu. Marigayi mijinta Armand mai raba wasiƙu ne, kuma shekara da shekaru ba ya wuce tagar nan ba tare da ya jingine kekensa ya yi kallo ba. Har ya rasu bai taɓa shiga ba. Ita kuma ta tsaya a layi awa biyu da sandarta, domin jikanta ya gama koyon aikin kafinta, tana so ta ɗaura masa abin da kakansa ya yi ta sha'awa daga waje.

Da ta karɓi nata, sai ta zagayo ta ƙwanƙwasa gilashin tagar. Ta ce, "Fernand, kai ne ka haɗa wannan da hannunka?"

Mai kula da shagon yana tsaye a bayana. Na gyaɗa kai.

Ta ce, "To, shi ke nan. In dai kai ne, ba sai na tambayi kowa ba."

Wata biyar agogon ya yi, ya tsaya. Ta kai shago aka ce ba a gyara irinsa, sai dai a sake sayen wani, kuma an yi sabon launi mai kyau. Sai ta hau tudu ta zo gidana. Na ajiye shi a teburin kicin, na nemi ƙusa ko ɗaya da zan kwance, babu. Da wuƙar yanka cuku na fasa shi, ni da ban taɓa ɗaga wa agogo murya ba. Abin da ke ciki bai kai girman ƙwayar wake ba, sauran duk iska ce da zoben roba. Na gaya mata gaskiya tun daga kan kwali har zuwa farar riga.

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta tattara ɓarɓashin a hankicinta ta ce, "Ba kuɗin ne ya dame ni ba, Fernand. Shekara shida 'ya'yanka suka yi a gabana, ko sau ɗaya ban ce musu biyu da biyu biyar ne ba."

Yallaɓai, kada ka ɗauka araha nake ƙi. An ce araha ba ta ado, amma ba a ce dole ta yi ƙarya ba. Gidan nan ya taɓa shiga matsi da ya fi wannan, a zamanin mahaifina. Abin da suka yi shi ne agogon baƙin ƙarfe, ba zinariya, ba ƙyalli, wanda ma'aikacin jirgin ƙasa zai iya saye da albashin mako. Amma da ƙusa aka ɗaure bayansa, kowane mai gyara a kowane ƙauye zai buɗe shi ya sa masa mai. Su ado suka rage suka bar agogo. Kai agogon ka cire ka bar suna.

Ɗaya daga cikin irin waɗancan yana cikin durowata, na mahaifina ne, shi ya haɗa shi. Na wanke shi, na daidaita shi, na kai wa Madam Paratte. Sau biyu tana mayar mini. A na uku na ajiye mata a kan tabarmar ƙofa na gudu kamar ɓarawo. Yanzu yana hannun jikan nata kafinta, cikin ƙurar katako, yana aikinsa. Har yau in mun haɗu a gidan burodi tana amsa gaisuwata, amma ba ta tambayar lafiyar yara.

Tun ranar Litinin ban koma taga ba. Ofishin ma'aikata sun aiko mini da lissafin abin da zai ragu a fanshona, matata ta karanta ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, a rana ta uku ta wanke farar rigar ta goge ta, ta ce in mayar da kayan mutane da tsabta. Rigar tana hannun mai gadin ma'aikata.

Na ji kana neman wanda zai maye gurbina, kuma masu furfura sun yi ƙaranci tunda ka sallame su. A matsayina na tsohon bawan gidan nan, ga shawara kyauta. Shagon tufafin da ke kusa da coci zai rufe a ƙarshen wata, suna sayar da mutum-mutumin da suke rataya wa kwat. Ka sayi ɗaya ka liƙa masa gemu. Ba ya cin albashi, ba ya jiran fansho, kuma ba shi da maƙwabtan da zai haɗu da su a gidan burodi.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai basira, ya kuma ba shi tsawon rai fiye da na agogonsa.

Naka mai biyayya har kwanan nan,

Fernand Boillat
Tsohon mai daidaita agogo, teburi na uku