Amarya Mai Ƙafa Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da matan gidanmu suka ci ado, suka dafa shinkafa tukunya guda domin tarbar kare ba. Su dai ba su san kare suke jira ba. Ni kaɗai na sani a cikin manyan gidan, ni ɗin ma daga baya na gane ban san komai ba.

Gyaran waya nake yi a Circle, cikin birnin Accra. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a auna wautata da mudun da ya dace. Kullum sai wani ya zo rumfata da kuka, wannan an kwashe masa kuɗi ta waya, waccan an yi mata alkawarin biza, ni kuwa in gyara zama in hau wa'azi. "Ba a tura wa wanda ba a gani ba kuɗi," haka nake cewa, har da kaɗa yatsa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Haihuwar unguwar Nima ne ni, a ganina babu ɗan sakawar da zai ci sisina (sakawa ita ce damfarar intanet a bakin mutanen Gana, kalmar ma daga Hausarmu aka are ta).

Matata Zenabu ta rasu ta bar ni da 'yarmu Hamdiya tana ƙaramar firamare. Yarinyar da a da sai an roƙe ta take yin shiru, sai ta koma eh da a'a, su ɗin ma da ka. Mahaifiyata, da muke kira Mma, babu abin da ba ta gwada ba: addu'a, rubutu, alewa, goyo. Ni kuwa ban iya lallashi ba. In na zauna kusa da ita sai mu yi ta kallon bango tare.

Wata safiya ina raka ta makaranta, muka tsaya a Kawukudi in sayi dokunu, tuwon masara mai tsami da ake ci da barkono, wajen Anti Dede, wata 'yar ƙabilar Ga da ta daɗe tana sana'a a bakin hanyar. Tana da wata karya ja mai lanƙwasasshen kunne da ke kwanciya ƙarƙashin teburinta. Ina karɓar canji na waiga, sai ga Hamdiya a tsugune tana ba karyar labari. Labari sosai, da hannu da komai, har da abin da malamarsu ta ce jiya. Na tsaya da dokunu a hannu, idona ya cika da hawaye, na ɗora wa barkono laifi.

A hanya ta ce, "Baba, za ka saya mini nawa?"

Na ce zan saya. Da jirgin sama ta tambaya a ranar, da shi ma na ce zan saya.

To, a Zongo, unguwarmu ta Musulmi, ba a shiga da kare gida haka kawai. Ga alwala, ga tabarmar salla, ga bakin maƙwabta. Ban ga fuskar da zan tunkari Mma da ita ba. Kunya kuma ta hana ni tambayar Anti Dede, kar a ce an ga ɗan Hajiya yana cinikin kare a bakin titi. Ga kuma girman kai: in dai 'yata ce, ai ba karen unguwa ba, sai na Turawa. Saboda haka na yi abin da nake hana mutane, na shiga intanet ni kaɗai, ban shawarci kowa ba.

Nan na ci karo da shi. Wani ɗan kwikwiyo fari tas, gashi buzu-buzu, ido kamar an sa masa kwalli. Mai shi ya ce a Kumasi yake, tafiya ce ta kama shi, ba kuɗi ne damuwarsa ba, gida nagari yake nema wa ɗan. Har tambayata ya yi ko ina da tausayi. Ni, da aka tambaye ni ko ina da tausayi, sai na ji na ga mutumin kirki. Ya ce in tura rabin kuɗi, na tura. Washegari ya ce kuɗin keji. Daga nan kuɗin allura, daga nan direban mota ya ce ba ya ɗaukar dabba sai da wata takarda. Da na ce ya kira ni ta bidiyo in ga ɗan yana motsi, sai ya ce kyamararsa ta lalace. Mai gyaran waya ne ni fa. Maimakon in farga, sai na ba shi shawarar yadda zai gyara ta.

Mutum biyu na gaya wa: Hamdiya, da na nuna mata hoton na ce sirrinmu ne, sai abokina Fuseini. Shi a waya na gaya masa, da la'asar, a bayan gida wajen igiyar shanya, ina ta rage murya.

"Chale, abokina, ranan Asabar zai zo daga Kumasi. Fari ne, ga gashi, ga ido. Na biya mishi kuɗin mota, na biya na asibiti. Amma kar Mma ya ji. Ka san ba zai yarda ya shigo gida ba, saboda addini. Zan ɓoye shi a ɗakina tukuna. Don Hamdiya na yi, yana bukatan wanda zai ɗebe mishi kewa."

A nan sai na yi wa mutanen Kano da Zinder bayani. Hausarmu ta Nima ba ruwanta da mace ko namiji. Mma ya zo, Baba ya zo, akuya ya haihu, duk da "ya" muke sallamar su, kuma muna fahimtar juna lafiya lau. Ko in ce muna fahimta, sai ranar nan. Domin a bayan zanin da aka shanya akwai Gwaggo Memuna, ƙanwar mahaifina, wadda kunnenta ke jin faɗuwar allura a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Ta ji fari, ta ji gashi, ta ji Kumasi, ta ji addini, ta ji za a ɓoye a ɗaki. Ta haɗa lissafinta tsaf: na samo wata farar Ba'asantiya, 'yar ƙabilar mutanen Kumasi, kuma 'yar coci, zan shigo da ita a ɓoye ta riƙe mini 'ya.

Daga baya aka ba ni labarin abin da ya biyo. Gwaggo ta kai wa Mma da zafinsa. Mma ta yi kuka, ta tuna Zenabu, sannan ta share ido ta ce in dai yarinyar za ta riƙe Hamdiya da amana, a tarbe ta da mutunci, maganar addini da ɗaurin aure a zauna a yi daga baya, amma 'yar mutane ba za ta kwana a ɓoye a gidanta ba. Don tabbatarwa suka kira Hamdiya, suka tambaye ta ko ta san baƙon da ke zuwa.

"Na ga hoton shi," in ji ta. "Yana da kyau. Ni zan riƙa mishi wanka."

Aka ce Gwaggo har da share ƙwalla, wai dubi yadda marainiya ta ƙagu da uwa.

Ranar Asabar na sa rigata mai kyau na tafi tashar motocin Kumasi da jaka a kafaɗa. A ciki akwai kwano, da gwangwanin madara, da 'yar sarƙar wuya mai ƙararrawa da na saya a kasuwar Tudu. Mota ta zo, ta zo, ta zo. Kowace na leƙa, kowane direba na tambaya, har wani ɗan kamasho ya fara kirana mai kare. Na kira mutumin Kumasi, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. Rana ta take, Fuseini ya baro shagonsa ya same ni, ya karɓi wayar ya buɗe hoton da yatsu biyu.

"Chale, mi ne wannan fari a bayan shi?"

Na ce auduga ce, ko katifa ta fashe.

"Dusan ƙanƙara ne. Yaushe aka fara ƙanƙara a Kumasi?"

Na karɓi wayata na sa a aljihu. Kuɗin sun yi mini ciwo, ba zan yi ƙarya ba, amma ba su ne suka fi damuna ba. A trotro, motar hayarmu, har Nima abu ɗaya nake juyawa: yarinyar da ta fara magana saboda alkawarina, me zan ce mata?

Tun daga bakin lungu na ji ƙamshin dafa-duka. Na ɗauka suna ake yi a maƙwabta. Ina sa ƙafa a tsakar gida Gwaggo Memuna ta rangaɗa guɗa. Mata cike da gida, kowa da ɗaurin kallabi na ji da gani, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an kunna turaren wuta. Mma na zaune a kujera da mayafinta na zuwa biki. Hamdiya a gefe an yi mata kitso, sai murmushi take, a zatonta duk karenta ake wa wannan hidima.

Gwaggo ta leƙa bayana. "Ina shi?"

Na ce, "Wa?"

"Kar ka maishe mu yara. Baƙon Kumasi. Mun san komi."

Na sunkuyar da kai na ce, "Bai zo ba, Gwaggo."

"Ei! Iyayen shi sun hana?"

"Ban taɓa ganin iyayen shi ba."

Mata suka ɗau salati. Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ba ka ga iyayen shi ba ka tura kuɗi? A ina ka samo shi?"

"A intanet."

Wani salatin ya fi na farko. Kafin in ankara ta fizge jakar, wai a ga kayan da na saya wa 'yar mutane. Ta fito da kwano. Ta fito da madara. Ta fito da sarƙar, ta ɗaga ta sama, ƙararrawar ta yi ƙara a cikin shirun.

"Wannan za ka sa mishi a wuya? Kawo hoton shi mu gani."

Na miƙa wayar, don ban ga ƙofar gudu ba. Gwaggo ta nesanta ta da ido, ta matso da ita, ta juya ta.

"Amaryan," in ji ta a hankali, "harshen shi a waje."

Wayar ta zaga hannu zuwa hannu. Wata ta fara ƙyalƙyalewa, sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya, har da masu riƙe ciki da masu zama a ƙasa. Ni ina tsaye a tsakiya da rigata mai kyau, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Hamdiya da Mma. Hamdiya ta ratso mata ta kama gefen rigata.

"Baba, bai zo ba?"

Na tsuguna na gaya mata gaskiya a gaban kowa: babu shi, hoto ne kawai, an yaudari babanta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta gyaɗa kai irin gyaɗawar nan da na sani, ta koma ta zauna. Dariyar ta mutu da kanta.

Mma ta dube ni ta ce, "Na kwana ina lallashin zuciyana in karɓi wanda ban sani ba, don yarinyan nan. In don shi ne, mi za ka tambaye ni in hana? Ko akuyan layya sai ka buɗe bakin shi ka ga haƙori. Ku zuba abinci, kar ya huce."

Haka aka ci shinkafar amarya ba amarya.

Washegari da hantsi Mma ta yafa mayafi, ta kama hannun Hamdiya, ta ce in biyo su. Kawukudi muka nufa. Ashe karyar Anti Dede ta haihu tun kwanaki, 'ya'yan na cikin kwali a bayan teburin da nake sayen dokunu kullum. Mma ba ta taɓa su ba, amma ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi uwar, ta tambayi me take ci, ta tambayi ko an yi mata allurar haukan kare. Anti Dede ta ce an yi, 'ya'yan ma in sun isa sai a kai su wajen likitan dabbobi. A nan tsaye Mma ta kafa dokokinta: a bayan gida zai zauna, gadi ne aikinsa, kwanonsa daban, ba shi ba ɗaki, ba shi ba wurin salla.

Hamdiya ta zaɓi wani ja mai kunnen uwarsa. Ni da zumuɗin wanke kunyata na zaro kuɗi na ce a sa mana shi a kwali yanzu. Anti Dede ta girgiza kai, ta ce bai isa rabuwa da nono ba, ko nawa zan bayar sai ya yi ƙwari. Na buɗe baki zan yi ciniki, sai Hamdiya ta riga ni, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baba, a bar shi wurin maman shi tukuna. In an ɗauke shi yanzu zai daina magana."

Mma ta juya tana gyara mayafin da bai goce ba. Ni kuma na sake ɗora wa barkonon Anti Dede laifi.

Muka yi ta zuwa gaishe shi kowace safiya a hanyar makaranta, har ranar da Anti Dede da kanta ta ce ya isa. Yanzu yana bayan gidanmu, ya yi allurarsa, yana sanye da sarƙar nan mai ƙararrawa, Hamdiya kuma sai an roƙe ta take yin shiru. Ta so ta sa masa suna Jarumi, amma Gwaggo Memuna ta riga ta, kuma sunan Gwaggo ne ya bi shi. Namiji ne, amma duk lungunmu Amarya ake kiransa.

Har yau ina wa'azi a rumfata, sai dai na daina kaɗa yatsa. Abin da na koya bai da yawa: ko kare ne ko amarya, kar ka biya sai ka je gidan ka ga uwar da idonka. In kuma sirri zai kai ka bayan gida, ka fara ɗaga zanin da ke kan igiya.