Ciwon da Aka Ara wa Burgu

A wani daji mai yawan fadama, zuciyar Dorina, shugabar majalisar dabbobi, ta gaji. Ƙafafunta suka kumbura, in ta yi taku kaɗan sai haki. Majalisa ta kira Hawainiya mai magani.

Hawainiya ta ce, "Ranki ya daɗe, hanyoyin jininki sun tsuke, zuciya tana turawa da ƙyar. Akwai wata saiwa da ke buɗe su. Sai dai ban san awonta ba. In ya yi yawa, jini zai bazu ya rasa ƙarfin hawa kai. A fara gwadawa a kan wani mai irin ciwonki."

Aka bincika dajin kaf, ba a sami ƙaramar dabba mai ciwon zuciya ba. Dila, mai magana da yawun majalisa, ya ce wannan ba matsala ba ce, abin da babu ai yin sa ake yi. Aka zaɓi Burgu, mijin Gafiya, don shi ba ya musu. Aka yi ta ɗura masa gishiri ana sa shi gudu da kaya, har ya koma haki irin na shugaba. Majalisa ta yaba da kamannin.

Ran da aka fara ba shi saiwar, ya ce wa matarsa, "Uwargida, taɓa ƙafata ki ji, ɗumi!" Ya miƙe zai nuna mata, jiri ya kwashe shi ya faɗi. Hawainiya ta rage awo, ta ƙara, ta sake ragewa, yana faɗuwa yana tashi, har ta gane daidai. Aka ba Dorina, kumburi ya saɓe, ta koma wanka a tafki.

Daga nan aka daina aiko wa Burgu da magani. Gafiya ta je gaban majalisa ta durƙusa.

"Iyayena, lafiya lau kuka karɓe shi a hannuna. Yanzu a zaune yake kwana, in ya kwanta numfashi ya tsaya. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Guntun saiwa kawai nake roƙo."

Dila ya gyara murya. "Baiwar Allah, mun ji tausayinki ƙwarai. Amma saiwar nan tana da wuyar samu, doka kuma ta ce ta masu ciwon gaske ce. Na mijinki ba saukar masa ya yi ba, mu muka sa masa, kowa shaida ne. In muka ba shi, mun karya dokar da muka kafa da bakinmu."

Gafiya ta dubi Hawainiya. Hawainiya ta rikiɗe ta koma launin reshen da take kai.

Burgu bai ga kaka ba, ya mutu. A zaman da ya biyo baya, majalisa ta amince, ba ko ɗaya da ya ƙi, a sa wa maganin sunansa.