Hawan Jini Sau Biyar a Rana

Masana harkar lafiya sun tabbatar cewa ɗan Adam ba tsoka da ƙashi ba ne kawai: yana da zuciya, yana da tunani, yana da dangi da maƙwabta, kuma duk sai an duba su kafin a ce an yi jinyarsa. Sun gano haka ne a wani otal, cikin kwana uku, ana raba shayi sau biyu a rana.

Cikin waɗanda suka halarci wannan taron bita akwai Sista Lantana, nas a ɗakin maza na wani asibiti da ba sai na faɗi garinsa ba. Ta dawo da jaka mai tambari, da takardar shaida, da kyakkyawar niyya. Daga ranar ta daina cewa "gado na huɗu" ko "mai ciwon sugan nan na bakin ƙofa", kowa da sunansa take kiransa. Ta ce ƙwaya da allura suna aikinsu, amma akwai masu taya su: tausa, ƙamshi, jan numfashi, da zama a saurari mutum. Ni ban ce ƙarya ba ne. Na dai lura kakata ta san duk wannan, kuma ba wanda ya ba ta jaka.

Wanda sabon ilimin ya fara sauka a kansa shi ne Malam Tanimu, ladanin masallacin da ke bayan katangar asibitin. Shekararsa talatin da ɗaya yana kiran salla a wurin, bai taɓa fashi ba sai ranar da jiri ya ɗebe shi a bakin randar alwala. Aka kawo shi, aka auna, aka ce hawan jini ne. Likita ya ce kwana biyu zai yi, jinin ya sauka ya koma gida.

Ranar da nake ba ku labari yana kwana na shida. An canja masa ƙwaya sau biyu. An hana shi gishiri, an hana shi goro, an hana shi kilishin da surukinsa ya ɓoyo cikin hula. Duk da haka, duk lokacin da aka ɗaura masa abin awo a damtse, sai a ga ɗari da tamanin, wani lokaci har da 'yan kai. Likita ya ce ba zai sa hannu a takardar sallama ba sai ya ga awon yini guda cur mai kyau.

Sista Lantana ta jawo kujera ta zauna gefen gadonsa, kamar yadda aka koya musu, ta ajiye biro don kada ya ga kamar tuhuma ce.

"Baba, ya jikin?"

"Da sauƙi, 'yata."

"Barci fa?"

"Da sauƙi."

"Akwai abin da ke damunka a rai? Gida, ko 'ya'ya, ko wani abu da ka kasa faɗa wa kowa?"

"Alhamdu lillahi."

A takardun taron bita an ce idan aka yi wa majinyaci irin wannan tambaya cikin taushin murya, zai buɗe cikinsa. Wanda ya rubuta takardun bai taɓa zuwa dubiya a ƙasar Hausa ba, inda mutum zai iya cewa "da sauƙi" ana saura minti biyar a rufe masa ido.

Matarsa, Inna Kulu, ita ce ta tare Sista a baranda tana wanke kwanon kunu.

"'Yar nan, ki daina wahalar da kanki. Yaushe kuke auna Malam?"

"Da an kira salla, Inna. Mu zaga kowa mu gama, sannan mu je mu yi alwala. Haka muka tarar ana yi. Gadonsa ne na farko, da shi muke farawa."

"To wa ke kiran sallar?"

Ashe tun da aka kwantar da Malam Tanimu, kwamitin masallaci ya ba wani Ilu mai facin taya riƙon ƙwarya. Ilu mutumin kirki ne, ba ya makara, kuma yana da murya. Irin muryar da ake tsayar da tirela da ita. Ya shekara tara yana zama a sahun farko daidai saitin makirfo, yana tambayar lafiyar ladan da kulawar da ta wuce misali. Sannan liman ya aiko, cikin ladabi, cewa in Malam bai samu dawowa ba zuwa la'asar ɗin Juma'a, za a miƙa wa Ilu mabuɗin akwatin lasifika gaba ɗaya, don a hutar da dattijo.

Sista ta koma ciki da abin awo a hannu, ana dab da azahar. Ta ɗaura masa, ta tsaya. Can lasifika ta yi ƙara, aka hura makirfo sau uku, Ilu ya ɗauka.

"Baba, ko kiran sallar nan ne ke tayar maka da jini?"

"Subhanallahi. Kiran salla? Ni? Sista, ki ji tsoron Allah."

"Ɗari da saba'in da biyar."

"Ai kira ne mai albarka. Allah ya ba shi lada." Ya ɗaga kai yana kallon silin. "Kin ji inda ya yanke numfashi ko? A tsakiya. Ba komai. Allah ya ba shi lada."

"Ɗari da casa'in."

"Kuma ba a hura makirfo. Ɗan ƙwanƙwasa shi ake yi da farce. Amma ni ban ce komai ba."

A nan dole in yi wa Sista Lantana adalci: abin da ƙwaya kala uku ba ta gano ba, ta gano shi da kujera da baranda. Da labarin ya tsaya a nan, da ni ma na nemi a sa sunana a taron bita na gaba. Sai dai gano ciwo daban, maganinsa daban.

Ta fara da abu mai sauƙi, ta canja lokacin awo. Ta auna shi awa guda kafin kira, ta tarar jinin ya riga ya hau, yana jira. Ta auna awa guda bayan kira, ta tarar bai sauko ba, Malam yana bitar kurakuran ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa, kamar mai jan carbi. Ta sa aka gungura gadonsa zuwa ƙuryar ɗakin, nesa da taga. Nan ma a banza, don lasifika ɗaya daga cikin huɗun da ke kan masallacin asibitin take kallo kai tsaye. Malam Tanimu ne da kansa ya hau tsani ya juyo da ita shekarun baya, don marasa lafiya su riƙa samun lada. Ta kawo auduga ta ce ya toshe kunne. Ya dube ta irin duban da ake yi wa wanda ya miƙo abinci da rana a watan azumi. Ta mayar da audugarta aljihu.

Sai ta buɗe jaka mai tambari.

Ranar Litinin aka yi jan numfashi. "Baba, ka ja iska ta hanci a hankali, ka riƙe, zan ƙirga huɗu, sai ka sake." Ya ja, ya riƙe. Ta ƙirga huɗu, bai sake ba. Ta ƙirga ashirin. A talatin da biyar mai gadon kusa ya tashi zaune yana salati. A arba'in Sista ta fara roƙonsa. Ya saki iskar a hankali, ba ko haki, ya ce, "'Yata, abincina ke nan shekara talatin da ɗaya. In da mai bukatar wannan darasi, yana bayan katanga."

Ranar Talata aka yi ƙamshi. Ba ta samu man da aka nuna musu a otal ba, sai ta aro kasko ta sa turaren wuta mai kyau, irin na ɗakin amare. Malam Tanimu ya yaba ƙwarai. Mai ciwon asma na gado na shida bai samu damar faɗin ra'ayinsa ba sai bayan an fitar da shi baranda an yi masa fifita.

A ranar dai ta kawo zoɓo a gora, ba suga, an jefa tafarnuwa. Ya kurɓa sau ɗaya ya riƙe kofin yana nazari.

"Ya ka ji shi, Baba?"

"Da alama magani ne."

Ranar Laraba aka zo kan tausa, wadda Sista ta fi ƙarfafa rai a kanta. Ta zuba man zaitun a tafin hannu ta nufo kafaɗarsa. Malam ya ja bargo har wuya.

"Ina za ki?"

"Kafaɗa kawai, Baba. Jijiyoyin wuya ne ke ɗaurewa."

"Su ɗaure."

Aka yi shawara, aka ga ba wadda ta halatta ta taɓa wuyan ladan sai Inna Kulu. Inna Kulu ta ce ita shekararta arba'in da aure ba ta taɓa zama a gado ɗaya da Malam a gaban mutane ba, balle a gaban maza goma sha biyu masu zaman banza. Aka kawo labulen da ake kare mai wankan gado, aka zagaye su. Sista ta tsaya daga waje tana ba da umarni.

"A hankali, Inna, kamar kina shafa wa jariri mai."

"To."

Abin da aka riƙa ji daga bayan labule ya fi kama da ana kirɓa fura. Inna Kulu mace ce da ta yi shekara arba'in tana tuƙa tuwon mutum goma sha biyar, kuma hannu ba ya mantuwa. Tausa ce irin wadda babu malamin da zai ce ta karya alwala.

"Kulu, wuya ne."

"Na sani, Malam. Ita ta ce jijiya ta ɗaure."

"Ta kwance."

"Ban ji ta kwance ba."

Da aka yaye labule Malam Tanimu yana zaune tsaf, idonsa ya yi ja, yana juya kai da dukkan jikinsa. Sista ta tambaye shi ya ya ji. Ya ce da sauƙi.

Wayewar garin Alhamis aka ɗaura abin awo da asuba: ɗari da ashirin da takwas. Sista ta ɗauka abin ne ya lalace, ta aro na ɗakin mata. Ɗari da ashirin da shida. Da azahar haka, da la'asar haka. Malam ya cinye tuwonsa mara gishiri har ya nemi ƙari, ya yi barcin rana da minshari, ya tashi ya ba mai asma labarin aikin hajjinsa. Da magariba ɗari da ashirin cif. Sista Lantana ta shiga ofis ta rufe ƙofa, ta buga waya ga wadda ta koyar da su a taron bita, aka ce in ta rubuta rahoto za a karanta shi a taro na gaba, wataƙila ma a kira ta ta yi bayani da kanta.

Da hantsin Juma'a likita ya shigo zagaye, da ɗalibai biyar a bayansa. Ya ɗauki katin Malam Tanimu, ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

"Sista, me aka canja? Ni ban ƙara masa komai ba tun Lahadi."

Sista ta gyara tsayuwa. Ta yi bayanin jiki da zuciya da muhalli. Ta yi bayanin Ilu mai faci, a taƙaice, da murya ƙasa-ƙasa. Ta jero jan numfashi da turare da zoɓo da tausa, kowanne da ranarsa, ɗalibai suna rubutawa. Ta ce abin da ya fi burge ta shi ne jiya sau biyar ana kiran salla tana tsaye a kansa, ko girarsa bai ɗaga ba.

Likita, wanda shi ma ba ya cika yarda da abin da ba a cikin kwalba ya zo ba, ya gyaɗa kai a hankali. Ya zaro biro, ya ɗora a kan takardar sallama, sannan ya dakata ya dubi majinyacin.

"To Baba, kai ne mai jikin. Don amfanin yaran nan, a cikin huɗun wanne ka ji ya fi yi maka aiki? Zoɓon ne, ko tausar?"

Malam Tanimu ya riga ya sa hula, takalmansa suna kan cinyarsa. Ya dubi Sista da tausayi, ya dubi biron.

"Kiran da ta ji jiya na masallacin kasuwa ne, likita. Taransifomar unguwarmu ce ta ƙone tun Laraba. Sa hannu kafin a gyara."